Laburaren sauti: wanne za a fara saya, kuma wanne kwamfuta za ta iya ɗauka?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Manyan gidan nan, tambaya gare ni. Ga kayan aikin: laftof i5, RAM 8GB, SSD 256GB a ciki, sai hadis na waje 1TB mai juyawa. FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, ake aiki da shi. Aikin kuwa waƙoƙin nanaye da na biki ne, jefi-jefi kiɗan bayan fim. Ana neman laburaren sauti, wato tarin sautin kayan kiɗa da aka ɗauka don a buga a kwamfuta: rukunin bayolin, sarewa, fiyano mai daɗi da ganguna. Kuɗin ba zai wuce sayen abu ɗaya ko biyu ba. Da me za a fara? Kuma wai gaskiya ne duk laburaren da ya fi yawan GB shi ya fi kyau?

Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bar maganar saye tukuna, mu fara da abin da injin zai iya ɗauka, don shi ne zai yanke rabin hukuncin.

Kontakt, manhajar da ke kunna laburare, da ire-irensa ba sa loda samfur, wato guntayen sautin da aka ɗauka, gaba ɗaya a RAM. Farkon kowane samfur kawai suke ɗauka su ajiye, ragowar kuma suna janyo shi daga hadis a daidai lokacin da ka danna maɓalli. Wannan farkon da ake ajiyewa, a Kontakt 60KB ne idan ba ka taɓa saitin ba. Yi lissafi: kayan kiɗa mai samfur 20,000 zai ci 1.2GB tun kafin ka buga komai. Windows da FL da kansu sun riga sun kwashe kusan rabin 8GB ɗinka. Ke nan manyan kaya biyu ko uku sun isa su cika maka wuri, daga nan sai sauti ya fara kakkaryewa.

Idan laburaren yana kan SSD, shiga Options, ka je Memory, ka kunna wurin da ake sauya girman preload, wato wannan farkon da ake ajiyewa, ka sauke shi zuwa 12KB ko 18KB. A 12KB, wancan 1.2GB ɗin ya koma 240MB. Amma kada ka yi haka a kan hadis mai juyawa. Shi allura ce take yawo tana neman kowane fayil, kowane nema yana cin fiye da milisakan 10, alhali SSD ba ta kai ko milisakan ɗaya ba. Ka danna notoci goma a lokaci guda da makirfo biyu a kunne, hadis ɗin ba zai iya biyo ka ba, sai ka ji wutsiyar sauti tana yankewa.

Shawarata: kuɗin farko ya tafi ga SSD na waje 500GB ko 1TB a kan USB 3, ko ƙarin RAM zuwa 16GB idan laftof ɗin tana da gurbi. Kada a soka shi a ramin USB 2, wannan da ƙyar yake kai 40MB a sakan.

Mai Fiyano:
Injiniya ya gama magana a kan inji. Ni abin da zan ƙara shi ne tarkon da ya fi cin kuɗin sababbin shiga: Kontakt iri biyu ne. Akwai Kontakt Player na kyauta, akwai cikakken Kontakt na kuɗi. Laburaren da kamfaninsa ya biya Native Instruments, masu Kontakt, lasisi yana zuwa da lambar siriyal, ka shigar da ita a manhajarsu Native Access, ya fito maka a jerin laburare, ya yi aiki a Player lafiya lau. Wanda ba a biya masa ba, galibi na ƙananan kamfanoni masu araha, zai buɗe a Player ɗin amma a matsayin demo, bayan minti 15 ya yi shiru. Mutum ya ga abu na dala 30 ya yi murna, ashe sai ya sayi cikakken Kontakt kafin ya more shi.

Saboda haka kafin ka biya, gangara ƙasan shafin kayan ka karanta abu uku: Player yake so ko cikakke, wace sigar Kontakt ce mafi ƙanƙanta da yake karɓa, kuma GB nawa ne. Fayil ɗin da aka adana da Kontakt 7 ba zai buɗe a Kontakt 6 ba, babu wata dabara.

Ba kuma kowa ne yake kan Kontakt ba. Orchestral Tools na Balin suna da SINE, Spitfire na Landan suna da fulogin nasu ga wasu kayan, EastWest suna da Opus, Vienna Symphonic Library na Biyana suna da Synchron Player. Duk waɗannan manhajar kunnawar tana zuwa ne tare da kayan.

Baban Situdiyo:
Yara, ku yi a hankali da ɗora wa yaro kaya. Waƙar nanaye da ta biki, wa ya ce tana buƙatar makaɗa sittin a zauren Landan? Kunnen masu sauraro ya saba da sautin fiyanon Yamaha PSR tun farkon finafinan Kano, daga baya manhajojin sauti irin Purity da Nexus da Korg suka shigo. Waɗannan sautukan an riga an matse su, an goge su, da ka ɗora murya a kai sai su zauna daram. Babban laburare kuwa ɗanye yake zuwa, sai ka san yadda za ka sarrafa shi. Wanda bai iya ba, bayolin ɗin dala 400 zai fito masa ƙasa da na Purity.

Hajiya Mai Kiɗan Fim:
Baba, ranka ya daɗe, a waƙar biki na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma ya ce har da kiɗan bayan fim. A wurin da babu ganga babu murya, bayolin shi kaɗai a ƙarƙashin maganar 'yan wasa, nan ne asirin Purity yake tonuwa: kowace nota tana farawa iri ɗaya, tana tsayawa cak ba motsi, ta mutu iri ɗaya.

Ɗan Fagge, ga amsar tambayarka ta GB. Girman laburare yana fitowa ne daga ninka abubuwa huɗu: yawan salon bugu, yawan matakan ƙarfi, yawan karɓa-karɓa, da yawan makirfo. Na ƙarshen nan shi ne yake kumbura girma ba tare da ya ƙara maka iya kiɗa ba. Dubi BBC Symphony Orchestra na Spitfire, wanda aka ɗauka a situdiyon Maida Vale. Babbar sigarsa ta haura 500GB, galibi saboda tarin makirfo. Ƙaramar sigar, Discover, 'yan ɗaruruwan MB ce kuma kyauta, makaɗan su ne dai, ɗakin shi ne dai. Ban da makirfon, babban abin da aka cire mata shi ne matakan ƙarfi da karɓa-karɓa da legato na gaske. To waɗannan ukun su ne abin da kake biya wa kuɗi. Makirfo goma sha ba za su amfane ka da komai a laftof mai 8GB ba, ɗaya ko biyu za ka kunna.

Ɗan Fagge:
Na gode Hajiya. Karɓa-karɓa da legato na gaske ɗin nan, a ɗan buɗe min su.

Hajiya Mai Kiɗan Fim:
Karɓa-karɓa: an ɗauki nota guda sau da yawa, misali sau huɗu ko takwas, duk lokacin da ka sake danna ta sai a ba ka wata daban. Idan babu shi, ka maimaita nota sau takwas da sauri, za ka ji ta-ta-ta-ta iri ɗaya sak, kunne nan take ya gane inji ne. A gajeren bugu da ganguna ya fi muhimmanci. Ƙasa da huɗu a gajeren bugun bayolin, ka wuce kawai.

Matakan ƙarfi: bayolin da aka goga a hankali da wanda aka goga da ƙarfi ba ƙara ce kawai ta bambanta su ba, launin sautin ma daban ne. Ana ɗaukar matakai uku zuwa biyar, sai CC1, wato wilin da ke gefen hagu na fiyano, ya riƙa narkar da wannan cikin wancan. CC11 kuwa ƙara kawai yake ɗagawa ko saukewa a yawancin laburare. Wanda ya zana notoci ya bar CC1 a tsaye wuri guda, ya zubar da kuɗinsa.

Legato na gaske: an ɗauki ainihin tafiyar yatsa daga nota zuwa nota, kowace tazara hawa da sauka, galibi har oktaf guda. Ba ya tashi sai notocin sun ɗan hau kan juna a piano roll, wurin zana notoci, kuma layi ɗaya yake bi, ba a danna masa notoci uku tare.

Yana kuma zuwa da jinkiri, wannan ne mutane suke ɗauka matsala ce. A Cinematic Studio Strings, wanda aka ɗauka a Sidini, legato mai sanyi yana makara kusan milisakan 330, matsakaici 250, mai sauri 100, gajeren bugu kuma 60. Ƙarfin danna maɓalli ne yake zaɓar wanne zai fito. A gudun 120, bugu ɗaya milisakan 500 ne, ke nan matsakaicin legato ya makara da rabin bugu cur. Cubase da Logic suna da wurin rubuta jinkirin baya a kan layi. A FL hanya mafi sauƙi ita ce ka zaɓi notocin, ka riƙe Alt don su saki layin awo, ka ja su baya da hannu. Nota ta farko a jimla ba ta da wannan jinkirin, ita kada ka ja ta sosai.

Mai Fiyano:
Tunda an zo FL, ga wani abin da yake haukata mutane. Kontakt yana kiran C ta tsakiya, nota mai lamba 60, da suna C3. FL yana kiranta C5. Littafin laburare zai ce maɓallin sauya salo yana C0, kai kuma ka je C0 a FL ka zana, shiru. A FL wurin C2 ne. Kullum ka ƙara oktaf biyu. Kuma ka sa notar sauya salon ta riga notar kiɗan da ɗan kaɗan, in suka faɗo lokaci guda wani sa'in tsohon salon ne zai fita.

Injiniya:
Baba yana da gaskiya ta wani ɓangare da ba a taɓo ba: ɗaki. Laburaren da aka ɗauka a babban zaure, kamar AIR Lyndhurst a Landan ko Teldex a Balin, amon zauren yana manne a cikin samfur ɗin, ko ka kunna makirfon kusa kaɗai ba ya fita duka. A kiɗan fim mai tafiyar hawainiya abin so ne. A nanaye mai gudun 110 zuwa sama, da bayolin yana bin murya da sauri, amon nota ta farko bai mutu ba ta huɗu ta shigo, sai komai ya cakuɗe. Busasshen laburare za ka iya ƙara masa amo yadda kake so, jiƙaƙƙe kuwa ba ka iya shanya shi.

Yawan makaɗa ma haka. Cikakken rukuni kusan mutum 60 ne: bayolin na ɗaya 16, na biyu 14, biyola 12, celo 10, bes 8. Sautinsa yana da faɗi da taushi amma ba shi da baki. Ƙaramin rukuni na mutum goma sha ya fi cizo, ya fi fitowa a tsakanin ganga da murya. Don waƙa, irin Session Strings na Native Instruments ya fi dacewa da aikinka fiye da manyan na fim, kuma ba ya cin RAM sosai.

Baban Situdiyo:
To ka ga mun haɗu a hanya. Ƙari a kan haka, jama'armu a waya suke ji, ko a lasifikar biki da aka jona ta waya ɗaya. Duk faɗin da kake ji a hedifon, can babu shi. Kafin ka yaba wa kowane sauti, mayar da masta ɗinka mono, wato sautin hagu da dama a haɗe waje guda, ka saurara. Makirfon da aka baza nesa da juna, idan aka haɗe su waje guda wani sashen sautin yana cinye wani, bayolin ya koma siriri. Kuma a yanke masa ƙasa: igiyar bayolin mafi kauri tana wajen 196Hz, duk abin da ke ƙasa da 150 gurnanin ɗaki ne kawai, yana cin wurin bes.

Na Maraɗi:
Sannunku da aiki. Ni sarewa da ganguna nake jira a taɓo, don nan ne kasuwar ba ta yi da mu ba. West Africa na Native Instruments kaya ne masu kyau, amma na ƙasar Mali da Gini ne: jembe, dundun, kora, balafon, ngoni, da sarewar Fulani. Babu kalangu, babu kotso, babu gurmi, babu goge. Abin da ake sayarwa da sunan ganga mai magana kuma yawanci ta Yarbawa ce ko tama ta Senegal. 'Yan uwan kalangu ne, amma wanda ya tashi da kalangu a kunne zai ji bambanci a bugu na biyu.

Don sarewar nanaye, India na wannan kamfanin yana da bansuri da tabla da harmoniyam, kuma yana aiki a Player. Sai dai a kula da abu guda: da yawa daga laburaren irin wannan jimlolin da aka riga aka busa ne, ba notoci ɗai-ɗai ba. Jimla tana da daɗi a demo, amma ba za ta bi karin waƙarka ba, sai dai kai ka bi ta. A duba a tabbata akwai wanda ake bugawa nota-nota.

Mai Fiyano:
A sarewa ni ba samfur zan ba da shawara ba. SWAM na Audio Modeling ba tarin samfur ba ne irin na laburare, galibi lissafi ne yake ƙera sautin nan take. Girmansa kaɗan ne, RAM kaɗan, sai dai yana cin processor. Amfaninsa shi ne lanƙwasa: za ka zame daga nota zuwa nota yadda mai busa yake yi, ba tare da sautin ya zama na roba ba. Sharaɗinsa, dole ka riƙa motsa CC11 ko na'urar busawa, in ba haka ba ko ƙara ba zai yi ba.

Fiyano ma haka. Keyscape kusan 77GB ne, SSD ɗinka ta ciki ba za ta ji daɗi ba. Pianoteq bai kai 100MB ba, shi ma lissafi ne, kuma yana da sigar gwaji da za ka taɓa da hannunka kafin ka biya. A cikin waƙa mai ganga da bes da murya uku, ba mai rantsuwa ya bambance su.

Hajiya Mai Kiɗan Fim:
Malam Mai Fiyano, a sarewa na bi ka. A fiyano shi kaɗai a fim mai ban tausayi kuwa, har yanzu samfur ya fi jiki, ana jin katako da motsin guduma. Noire misali, wanda aka ɗauka daga Yamaha CFX, yana da sigar da aka sa ƙyalle tsakanin guduma da igiya. Amma wannan sayen gaba ne, ba na yau ba.

Ɗan Fagge:
To kalangun fa? Haƙura za a yi?

Na Maraɗi:
A'a, ɗauka za a yi. Yini guda da makaɗi ya isa, kuma abin da za ka samu babu mai irinsa. Ga tsari.

Ɗaki marar amo, a kashe fanka, janareta ya yi nisa. Makirfo irin SM57 a tazarar santimita 15 zuwa 20 daga fatar, in akwai kondensa a ƙara shi a mita ɗaya. A ɗauka a 24-bit, 48kHz. A saita gain, wato ƙarfin shigar sauti, sau ɗaya da bugu mafi ƙarfi, ya tsaya wajen -10dB, daga nan kada a sake taɓa shi har a gama.

Kalangu muryarsa tana hawa da sauka ne da matse tsarkiya a hammata, don haka a ɗauki matsayi uku aƙalla: a sake, tsaka-tsaki, a matse. Kowane matsayi ƙarfi huɗu, kowane ƙarfi sau biyar. Uku sau huɗu sau biyar, samfur 60 ke nan. A bar sakan biyu tsakanin bugu da bugu don wutsiya ta mutu. Sannan a ɗauki zamiya daban: a buga a sake a matse, a buga a matse a saki, mai sauri da mai jan lokaci. Kada a ce wilin lanƙwasa sauti zai yi wannan aikin. Shi a ƙa'ida rabin mataki biyu yake kaiwa sama ko ƙasa, in ka buɗe shi ya wuce uku sai gangar ta koma kamar ta wasan yara, don yana gajarta samfur ɗin ne gaba ɗaya har da ƙarar gula.

Wajen yanka: a bar milisakan biyu zuwa biyar kafin bugun, a sa ɗan fade a ƙarshe don sautin ya dusashe a hankali. Babban kuskure shi ne a yi wa kowane fayil normalize shi kaɗai. Yin haka yana ɗaga bugun hankali ya kai na ƙarfi, duk matakan da aka sha wahalar ɗauka sun rushe. Sunan fayil ya faɗi komai, misali kalangu_matse_k3_r2.

Wajen haɗawa ba sai da cikakken Kontakt ba. Tsarin SFZ rubutu ne zalla da za ka yi a Notepad, sforzando na Plogue kuma kyauta ne yake kunna shi. Kowane samfur layi guda: key ya faɗi maɓalli, lovel da hivel su faɗi iyakar ƙarfi, misali 1 zuwa 40, 41 zuwa 75, 76 zuwa 105, 106 zuwa 127, sai seq_length=5 da seq_position su yi karɓa-karɓa. Decent Sampler ma kyauta ne. Wanda ba ya son rubutu, FPC na cikin FL yana karɓar samfur da yawa a kan pad guda, kowanne da iyakar ƙarfinsa.

A kuma rubuta yarjejeniya da makaɗin: an biya shi don a yi amfani da sautin a waƙoƙi ne kawai, ko har da sayar da laburaren ga wasu. Farashin biyun ba ɗaya ba ne.

Injiniya:
Madalla da wannan. Ƙari ɗaya: in makirfo biyu ne, a yanka su tare a wuri ɗaya, kada a yanka kowanne daban, in ba haka ba tazararsu za ta riƙa sauyawa daga bugu zuwa bugu, ƙasan gangar ya riƙa ɓacewa yana dawowa.

Goge da gurmi kuwa kada a wahalar da kai. Ganga bugu ne ɗai-ɗai, tana samfuruwa. Goge rayuwarsa tana cikin zamiya da kwalliyar da ke tsakanin notoci, kuma ba a kan awon fiyano yake zaune daidai ba. A kira mai goge ya goga a kan waƙar, ya fi sauri ya fi arha.

Ɗan Zongo:
Gaisuwa daga Kumasi. Oga-oga, mu faɗi gaskiya, yawancin yara a hadis ake tura musu waɗannan kayan a kasuwa, 500GB a kuɗi kaɗan. Me zai sa mutum ya nemi katin dala?

Mai Fiyano:
Ɗan uwa, ko an ajiye maganar haƙƙin masu shi gefe, kuma bai kamata a ajiye ba, lissafin ba ya fita. Fasasshen Kontakt yana tsaye a siga ɗaya, sabon laburare ya ƙi buɗewa. Fayilolin samfur sukan zo a gutsure, sai ana tsakiyar aiki wata nota ta yi shiru. Abin da ake fasa manhajar da shi kuma hanya ce ta shigar ƙwayar cuta cikin kwamfutar da aikin mutane yake ciki. Sannan duk wanda zai kai kiɗa ga kamfanin fim na waje ko dandamalin da ke neman takarda, za a iya tambayarsa lasisi.

Na halal na kyauta sun isa a fara: Discover da aka ambata, Komplete Start na Native Instruments, kayan kyauta na SINE, tarin kayan Pianobook da yawansu ke aiki a Decent Sampler, da Ample Guitar M Lite don jita. Wata uku da waɗannan, mutum zai san ainihin abin da ya rasa, sai ya saya shi kaɗai. Orchestral Tools ma suna sayar da kaya ɗai-ɗai daga cikin manyan tarinsu, ba dole sai ka kwashi duka ba. Kuma kusan duk kamfanonin nan suna karya farashi a ƙarshen Nuwamba. Wanda ba ya cikin gaggawa ya jira.

Hajiya Mai Kiɗan Fim:
A karanta lasisin ma. Yawancinsu ba a mayar da kuɗi bayan an sauke. Spitfire ba sa yarda ka sayar wa wani naka, Native Instruments suna yarda a sauya mai lasisi. Kusan duka sun yarda ka yi waƙar kasuwa, amma sun hana ka fitar da sautin tsirara ka sayar a matsayin samfur ko lup, wato guntun kiɗa mai maimaituwa.

Lup da jimlolin da aka riga aka buga suna da wata fitinar. Mutum dubu sun sayi lup ɗin nan. In ɗayansu ya yi wa waƙarsa rajista a Content ID na YouTube, na'ura za ta iya jin lup ɗin a taka ta ɗora maka ƙorafi, alhali kai ma da kuɗinka ka saya. Notocin da ka buga da hannunka ba sa jawo wannan.

Na haya kuma, irin ComposerCloud na EastWest, yana da kyau ga wanda ya karɓi aikin fim na wata biyu. Ranar da ka daina biya, tsofaffin ayyukanka za su buɗe babu sauti. Kafin wa'adin ya ƙare a fitar da kowane layi a matsayin odiyo. Masu amfani da iLok, tsarin ajiye lasisi, kuma su zaɓi inda lasisin zai zauna da hankali: na gajimare yana son intanet ba yankewa, na cikin kwamfuta kuma in ta mutu ko aka sace ta sai an bi kamfani kafin a dawo da shi.

Injiniya:
Saura saukewa, inda data da wuta suke shigowa. Ka tanadi fili ninki biyu na girman laburaren, don ana sauke shi a dunƙule ne sannan a warware. A Native Access ka saita foldar saukewa da ta ajiya tun kafin ka danna komai, in ba haka ba zai cika maka C. SSD ɗin waje a yi mata NTFS in Windows kaɗai za ta yi wa aiki, sannan a Disk Management a ba ta harafi na dindindin daga can ƙarshe, kamar S. In ba a yi haka ba, ranar da ka riga soka filasha sai harafin ya sauya, Kontakt ya ce bai ga samfur ba. A cire foldar laburaren daga binciken Windows Defender, lodi zai ragu sosai. Batch re-save na cikin Kontakt ma yana hanzarta buɗewa, sai dai ka tuna bayan ka yi shi tsohuwar sigar Kontakt ba za ta ƙara buɗe waɗannan fayilolin ba.

Cikin aiki: bafa, saitin da ke ƙayyade jinkirin fitar sauti, ta zama 256 lokacin bugawa da hannu, wato milisakan 5 da ɗoriya a 48kHz, sai a ɗaga zuwa 1024 lokacin miksin. A Kontakt yi Purge ka zubar da duk samfur, ka kunna waƙar daga farko zuwa ƙarshe, zai lodo waɗanda aka taɓa kawai. Layin da ya kammala a mayar da shi odiyo a kashe fulogin ɗin.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta: SSD tukuna, na kyauta su riƙe ni, kalangu a ɗauka a gida, sayen farko ya zama ƙaramin rukunin bayolin busasshe mai aiki a Player. Amma tunda ba a gwadawa kafin a biya, ta yaya zan tantance?

Hajiya Mai Kiɗan Fim:
Kada ka yi hukunci da waƙoƙin demo na shafin kamfani, ƙwararru ne suka yi su, an kuma zaɓi abin da laburaren ya fi iyawa. Nemi bidiyon da wani yake buga kowane salo shi kaɗai, ba amo ba komai. Saurari nota guda da aka maimaita da sauri. Saurari doguwar nota ana ɗaga CC1 daga ƙasa zuwa sama a hankali: in a tsakiya ka ji kamar bayolin sun ninku ko sautin yana shawagi, haɗin matakan bai yi kyau ba. Saurari legato a layi mai sauri, ba mai sanyi kaɗai ba, don nanaye gudu take so, kuma ka duba ko akwai zamiya tsakanin notoci, wadda salon Indiya ba ya yi sai da ita. Sauke littafin laburaren, galibi kyauta ne, ka ga jerin salo da adadin karɓa-karɓa da idonka.

Baban Situdiyo:
In ya iso kuma, kada ka danna masa yatsu biyar kamar fiyano, zai koma ogan coci. Raba layin: bayolin na ɗaya ya bi karin waƙa, na biyu ya bi shi a ƙasa da oktaf guda ko tazarar uku, celo ya riƙe gindi da nota ɗaya. Ka kuma ɗan shimfiɗa tsohon bayolin ɗin Purity a ƙarƙashinsa, ƙasa da kamar 10dB, shi zai ba ka kaifin da waya take fitarwa.

Na Maraɗi:
Baba, in za a shimfiɗa biyun a tuna da jinkirin da Hajiya ta faɗa. Purity nan take yake fita, laburaren kuma yana makara. A ja notocin laburaren baya su kaɗai, na Purity a bar su a kan layi, in ba haka ba kowace nota za ta fito sau biyu.